Yadda Ake Jinyar Targaɗen Idon Sawu Don Kada Ya Zama Ciwon Kullum

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon yamma a filin unguwa ya san yadda abin ke faruwa. Yaro ya ruga da ƙwallo, ƙafarsa ta faɗa wani ɗan rami ko ya taka ƙafar abokin karawa, sai ka gan shi a ƙasa yana riƙe da idon sawu. Kafin ka ce me, an kewaye shi. Wani ya ce a ja masa ƙafar, wani ya durƙusa ya kama ta ya murɗa har sai ya yi ƙara, sannan a ce, "Tashi mana, ai targaɗe ne kawai." Bayan kwana huɗu ya dawo fili yana ɗan ɗingishi. Bayan wata biyu ƙafar ta sake gurɗewa. Kafin shekara ta zagayo, ko ƙaramar kwata zai tsallaka sai ya ji ta ɗan kauce masa.

Wannan "kawai" ɗin ita ce ta gama da ƙafafun 'yan wasa da yawa. Binciken da aka yi a kan waɗanda suka yi targaɗen farko ya nuna cewa kusan huɗu cikin goma, bayan shekara guda, idon sawunsu bai koma daidai ba: yana kaucewa, yana yawan gurɗewa, ko kuma mutum ya daina amincewa da shi. Kuma ba sai ɗan filin unguwa ba. Marco van Basten na ƙasar Holan, wanda ya ci Ballon d'Or sau uku, a 1988 da 1989 da 1992, idon sawu ne ya raba shi da ƙwallo. Wasansa na ƙarshe a AC Milan a 1993 ya buga shi, a 1995 ya haƙura ya ajiye takalmi yana ɗan shekara 30.

Da farko, san abin da ya lalace

Idan ka shafa idon sawunka ta waje, za ka ji ƙashin nan mai tudu. A ƙarƙashinsa da gabansa akwai jijiyoyi uku masu kama da igiya, su ne suka ɗaure ƙashin da na tafin ƙafa. Mafi yawan targaɗe, wajen takwas cikin goma ko fiye, yana faruwa ne idan tafin ƙafa ya juya ciki, nauyin jiki ya hau gefen ƙaramin yatsa. Jijiyar gaba ita ce mafi rauni cikin ukun, ita ke fara yagewa. Idan juyin ya yi tsanani, ta biyun ma ta bi ta.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, jijiyoyin nan ba ɗauri kaɗai suke yi ba. A cikinsu akwai ƙananan masu kai saƙo da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take da yadda ta karkata, ko da ba ka kalle ta ba. Shi ya sa kake iya tafiya a lungu cikin duhu ba ka faɗi ba. Idan jijiya ta yage, wannan saƙo yana yin rauni. Ciwo zai tafi cikin mako biyu, kumburi zai sace, amma saƙon ba lallai ya dawo da kansa ba. Sai ƙafa ta fara karkata, naman da zai tare ta ya makara, ta sake gurɗewa. Duk jinyar da za ta biyo baya, wannan ne gindinta.

Mataki na ɗaya: auna kanka tun kafin abin ya faru

Babban abin da ke jawo targaɗe shi ne targaɗen da ya gabata. Babu wani dalili da ya kama ƙafarsa. Idan ka taɓa yi, musamman cikin shekarar da ta wuce, kana cikin waɗanda ya kamata su karanta wannan da kyau.

Na biyu shi ne taurin idon sawu. Ga yadda za ka gwada. Cire takalmi, ka fuskanci bango, ka ajiye ƙafa ɗaya a gaba yadda tsakanin babban yatsa da bango zai kai faɗin tafin hannu, wato wajen santimita 10. Tura gwiwa gaba har ta taɓa bango, ba tare da diddige ya ɗaga ba. Gwada ɗaya ƙafar. Idan ɗaya ta kai ɗaya ta kasa, to wadda ta kasa ɗin tana da tauri, kuma ƙafa mai tauri ba ta iya shanye nauyin jiki yayin dira. Mu da muka saba da tsuguno muna da wani gwaji mafi sauƙi: tsuguna kamar za ka yi alwala, ka ga ko diddigen biyu duk suna ƙasa.

Na uku, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Tsaya da ƙafa ɗaya, hannu a ƙugu, ka rufe ido, wani ya ƙirga maka. Wanda bai kai daƙiƙa goma ba tare da tangaɗi ko sauke ɗaya ƙafar ba, yana da aiki a gabansa.

Sauran abubuwan suna da yawa, zan ambace su a gurguje. Ƙiba, domin nauyin da ke hawa ƙafar ya fi yawa. Raunin naman ƙugu da ɗuwawu, wanda ke sa gwiwa da ƙafa su yi ta lilo yayin juyi. Tafin ƙafa mai zurfin baka da diddigen da ya karkata ciki. Irin wannan mutum za ka ga takalminsa ya fi cinyewa ta gefen waje. Sakin gaɓoɓi na halitta. Gajiya, shi ya sa rauni ya fi yawa a ƙarshen kowane zango na wasa. Sai kuma irin wasan: a ƙwallon kwando da ƙwallon raga, dira a kan ƙafar wani ne, a ƙwallon ƙafa kuwa, yawanci duka ne a cikin ƙwauri daidai lokacin da ƙafar ke shirin taka ƙasa.

Mataki na biyu: minti goma na farko a fili

Fita daga wasan. Kada ka tsaya gwada ƙafar da gudu don ka ga ko za ta yi. Jini yana da zafi a lokacin, ba za ka ji gaskiyar ciwon ba sai ka huce.

Kada ka bari kowa ya ja ƙafar ko ya murɗa ta. Na san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba, domin kowace unguwa tana da gwanin ja. Amma a targaɗe babu abin da ya goce da za a mayar. Igiya ce ta yage. Wanda ya ja yagaggiyar igiya ƙara yaga ta yake yi. Idan kuwa akwai tsagewar ƙashi a ƙarƙashi, ja na iya mayar da ita cikakkiyar karaya.

Cire takalmi da safa tun kafin kumburi ya hana, ka zauna, ka ɗora ƙafar a kan wani abu.

Mataki na uku: targaɗe ne ko karaya?

Girman kumburi ba ya raba gardama a nan. Akwai targaɗen da ke kumbura kamar tulu, akwai karayar da ba ta kumbura sosai. A 1992 wani likita a birnin Otawa na ƙasar Kanada, Ian Stiell, shi da abokan aikinsa suka fitar da ƙa'idar gane wanda ke buƙatar hoton ƙashi, kuma har yau da ita asibitocin duniya ke aiki. Ga ta a taƙaice.

Danna bayan ƙashin idon sawu na waje, tun daga tsininsa har sama wajen santimita 6. Yi haka ga na ciki. Sannan bi gefen ƙafa ta waje daga ƙaramin yatsa zuwa baya, za ka ji wani tudun ƙashi a tsakiya; danna shi. Danna kuma tudun da ke gefen ciki, gaba kaɗan da idon sawu. Idan ƙashin kansa ne ke ciwo a ɗaya daga cikin wuraren nan huɗu, ba naman da ke kewaye da shi ba, a je a ɗauki hoto. Haka nan idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko da da ɗingishi ne.

Akwai kuma alamun da ba a jira komai a kansu: ƙafa ta karkace yadda ido ke gani, ƙashi ya huda fata, yatsu sun yi sanyi ko sun mutu ba ka jin taɓi. Wannan asibiti kai tsaye. Yaron da bai gama girma ba shi ma a kai shi a duba, domin a ƙarshen ƙashinsa akwai wurin tsiro mai taushi wanda kan tsage a inda babba zai yi targaɗe. Mai ciwon suga kuwa, wanda jin ƙafarsa ya ragu, ba a dogara da cewarsa ba ya jin zafi.

Wani nau'i da ke ruɗar mutane shi ne targaɗen sama, inda ciwon ke can saman idon sawu tsakanin ƙasusuwan ƙwauri biyu. Yakan faru idan ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya juya. Kumburinsa ba yawa, amma jinyarsa takan ninka ta na gefe. Idan ka matse ƙwauri daga tsakiya ka ji zafin ya sauka ƙasa, nemi likita.

Ban ce maɗora ba su san aikinsu ba. Akwai gidajen da suka gaji ɗori kaka da kakanni. Abin da nake cewa shi ne a fara ganin hoton, kuma duk ɗaurin da ya sa yatsu suka kumbura, suka canza launi ko suka yi sanyi, a kwance shi nan take, ko waye ya ɗaura.

Mataki na huɗu: kwana uku na farko

Sanyi, ɗauri, ɗagawa. Samo ƙanƙara, ko ledar fiya wata da ta daskare, ka naɗe ta a tsumma, ka ɗora minti 15 zuwa 20, bayan kowace awa biyu ko uku. Kada ta taɓa fata kai tsaye. Idan babu wuta babu ƙanƙara, tsumma da ruwan randa ya fi babu. Ƙanƙara ba ta ɗinke jijiya, zafi take ragewa, amma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Bandeji mai roba ana fara naɗa shi daga gindin yatsu, a zagaya tafin ƙafa, a hau idon sawu kamar ana rubuta lamba 8, a ƙare a ƙwauri. Ya kama, amma yatsanka ya iya shiga ƙarƙashinsa. Da dare a sassauta. In ka kwanta, ka sa filo biyu ƙafar ta fi ƙirjinka tsawo.

Abin da za ka guje wa a kwanakin nan shi ne abin da gida za a fi matsa maka ka yi: gashi da ruwan zafi, murza da man zafi, tausa mai ƙarfi. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, kumburin ya ƙaru. Gashi yana da ranarsa, amma sai bayan kwana uku. Don ciwo, farasitamol ya isa ga mafi yawan mutane. Ibuprofen da diclofenac suna aiki, sai dai na 'yan kwanaki ne, bayan an ci abinci, kuma ba na mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba ne. Shan tramadol don a samu a buga wasan gobe kuwa, wannan kashe ƙararrawa ne alhali gobarar tana ci.

Kada kuma ka kwanta ka ce sai ka warke. Da zarar za ka iya taka ƙafar ba tare da zafi mai tsanani ba, fara takawa kaɗan-kaɗan, da sanda idan ta kama. Jijiya ta fi ɗinkewa da kyau idan tana samun ɗan aiki. Targaɗe mai tsanani ne kaɗai ake kafewa da filasta ko takalmin asibiti, shi ma yawanci ba ya wuce kwana goma. Idan za ka ga likita don ya auna girman yagewar, kwana na huɗu ko na biyar ya fi dacewa, lokacin kumburi ya fara sauka. Sallah kuwa, zaman tahiya yana lanƙwasa ƙafar hagu daidai ta inda jijiyar ta yage, don haka ka yi yadda za ka iya, a kujera ko da miƙe ƙafa, har ta yi sauƙi.

Mataki na biyar: dawo da motsi

Daga kwana na uku ko na huɗu. Zauna ka miƙe ƙafa, ka rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa, daga A har Z, sau biyu ko uku a rana. Sannan ka rataya tawul ko rawani a tafin ƙafa, ka jawo yatsun zuwa gare ka, ka riƙe daƙiƙa 30, sau uku. Da ka fara tsayuwa sosai, koma wa gwajin bangon nan, yanzu a matsayin atisaye: tura gwiwa zuwa bango sau 15, diddige a ƙasa. Ka ci gaba har ƙafafun biyu su zo daidai.

Mataki na shida: ƙarfi da daidaito

A nan ne mafi yawan mutane ke tsayawa, domin ciwo ya tafi, abokai suna kira a waya. A nan ne kuma ainihin aikin yake. Jijiyar da ta yage tana ɗaukar mako shida zuwa wata uku kafin ta yi ƙwari, ko da ka daina jin komai tun mako na biyu.

Fara da naman gefen ƙwauri na waje, shi ne ke fizgo ƙafa idan ta fara juyawa ciki. Ba sai ka sayi robar atisaye ba. Je wurin mai faci ka karɓi tsohon tubu na babur, ka yanka shi tsawo. Ɗaura gefe ɗaya a ƙafar gado, ka rataya ɗayan a gaban ƙafarka, ka tura ta waje, wato gefen ƙaramin yatsa, sannan ka dawo da ita a hankali. Dawowar ta fi turawar muhimmanci, kada ka bari robar ta fizge ta. Sau 15, zagaye uku. Juya ka yi ta ciki, ka yi ta sama. Sai ɗaga diddige: dafa bango, ka tashi a kan yatsu, ka sauka a hankali. Fara da ƙafa biyu, ka koma ɗaya. Burinka shi ne sau 20 da ƙafar da ta ji ciwo ita kaɗai.

Sai daidaito, wanda shi ne ke farfaɗo da masu kai saƙon nan. Ana hawansa ne kamar tsani. Tsayuwa da ƙafa ɗaya a daɓe, ido buɗe, daƙiƙa 30. In ta yi sauƙi, rufe ido. In ta yi sauƙi, hau kan filo ko katifa ko tulin yashi. Daga nan ka sa ƙaninka ya riƙa jefo maka ƙwallo kana cafewa, ko kana mayar masa da ɗaya ƙafar. Sannan ka zana layi uku a ƙasa, ɗaya gaba, biyu baya ta dama da hagu, ka tsaya a tsakiya da ƙafa mai ciwon, ka miƙa ɗayar ta taɓa kowane layi iya nisan da za ka iya. Minti goma a rana ya isa, kuma za ka iya yin wani ɓangare kana goge baki da asuwaki. Abin da ake so shi ne ɗorewa: aƙalla sau uku a mako, har mako takwas. A ƙasar Holan an gwada irin wannan shiri na mako takwas a gida a kan 'yan wasan da suka yi targaɗe, kuma sake gurɗewa ya ragu ƙwarai a cikinsu.

Wani lokaci nakan yi dariya idan na ga turawa na sayar da faranti mai lilo don wannan aiki. Mu da muka tashi muna langa a dandali, riƙe da ƙafa ɗaya, muna tsalle muna ture juna da kafaɗa, ai atisayen idon sawu muke yi ba mu sani ba. Idan ƙafarka ta kai matakin ƙarshe, tsallen langa a kan yashi yana cikin mafi kyawun abin da za ka yi mata. Turewar dai a bar ta tukuna.

Kada ka manta da ƙugu. Kwanta ta gefe ka ɗaga ƙafar sama sau 15, ko ka ɗaura tubun nan a gwiwoyi ka yi tafiyar ƙaguwa.

Mataki na bakwai: jarrabawar komawa fili

Ba kwanan wata ke mayar da kai fili ba, kuma ba gasar da ke tafe ba. A taƙaice, ƙaramin targaɗe yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, matsakaici mako uku zuwa shida, wanda jijiya ta tsinke gaba ɗaya wata biyu zuwa uku. Amma ƙafar ce za ta faɗa. Ka yi tsalle goma a wuri ɗaya da ita kaɗai. Ka yi tsalle gefe da gefe a kan layi. Ka yi tsalle mai nisa da kowace ƙafa, ka auna. Mai ciwon ta kai aƙalla tara cikin goma na nisan lafiyayyar, kuma ka dira ka tsaya cak. Ka yi gudu miƙe, sannan gudu mai siffar 8, sannan tsayawa da juyawa kwatsam. Idan duk ka yi babu zafi, babu tsoro, kuma washegari ba ta kumbura ba, ka shiga atisaye da ƙungiya na mako guda kafin wasan gaske.

Za a ce maka ai Neymar ya yi targaɗe a wasan Brazil da Sabiya a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, wasa biyu kawai ya rasa ya dawo. Gaskiya ne. Ka ƙara musu da cewa a watan Maris na 2023 an yi masa tiyata a idon sawun nan na dama, kakar wasansa a PSG ta ƙare a nan. Shi kuma yana da likitoci dare da rana.

Mataki na takwas: kariya bayan an dawo

Sa abin ɗaurin idon sawu, irin mai igiya ko mai tauri a gefe, duk lokacin wasa, na wata shida zuwa shekara. Ga wanda ya taɓa targaɗe, yana rage haɗarin maimaitawa da wajen rabi. Maganar cewa yana kashe ƙarfin ƙafa ba ta da tushe matuƙar kana atisayenka. Stephen Curry na ƙwallon kwandon Amurka, bayan tiyata biyu a idon sawu a 2011 da 2012, da irin wannan abin ɗauri ya ci gaba da wasa har ya ci kofuna. Safar roba mai laushi da ake sayarwa a kasuwa ɗumi kawai take bayarwa. Filasta mai manne kuwa tana aiki, amma tana saki bayan kamar rabin awa na gudu da gumi, kuma kullum sai ka sayi sabuwa.

Duba takalminka. Na gwanjo ba laifi ba ne, amma ka ajiye shi a kan tebur ka kalle shi ta baya. Idan ya karkata waje, ƙafar mai shi na farko ce ta cinye shi haka, kuma zai karkatar da taka. Dogayen haƙoran ƙasan takalmi na filin ciyawa ne, a busasshiyar ƙasar hunturu ɗaga ka suke yi sama kamar mai tafiya a kan duwatsu. Kafin a fara wasa, ku zagaya filin ku cike ramukan da ruwan damina da tayoyin mota suka bari.

Ga koci: shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, wanda aka fitar a 2006, minti 20 ne, ba ya buƙatar wasu kayan aiki na musamman, kuma akwai tsayuwar ƙafa ɗaya da koyon dira a cikinsa. Sau biyu a mako ake so aƙalla. Bidiyonsa yana intanet kyauta.

Idan ƙafar ta riga ta saki

Alamarta ita ce ta shekara ko fiye tana kauce maka, ko da a tafiya, tana gurɗewa akai-akai, kana tsoron saukowa daga mota ko taka tsakuwa. Kada ka zauna da ita a haka, domin kowace kaucewa tana gurje gurunguntsin gaɓar, kuma mafi yawan amosanin idon sawu daga tsohon rauni yake tasowa.

Fara da mataki na biyar da na shida, da gaske, wata uku zuwa shida, zai fi kyau a ƙarƙashin likitan gashin ƙashi. Asibitocin koyarwa suna da wannan sashe, haka ma asibitin ƙashi na Dala a Kano. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa. Idan ba ta ƙare ba, likitan ƙashi zai ja diddigen gaba ya ji yawan sakin, yana iya neman hoton MRI don ya duba gurunguntsi da jijiyoyin gefe. Tiyatar da aka fi yi tana ɗauke da sunan Broström, likitan ƙasar Suwidin da ya bayyana ta a 1966: ana tattaro jijiyar da ta saki a ɗinke ta a jikin ƙashi. Bayanta akwai makonni a cikin takalmin asibiti, sannan a koma kan tubu da tsayuwar ƙafa ɗaya daga farko, kafin a shiga fili bayan wata uku zuwa shida. In za ka je ganin likitan, ka rubuta sau nawa ta gurɗe da lokacin da ta fara, ka kuma tafi da takalmin da kake wasa da shi.